Kayen da Aka Goge

A saman wata tsohuwar motar haya aka ba Hanifa wurin zama, cikin ƙarafan da ake ɗaure buhunan hatsi da awaki ranar kasuwa. Daga nan take sharhin kokowa. 'Yan kokowa sun ce mace ba za ta zauna a bakin fage ba, kusa da layunsu da gorunan rubutu, kada ta karya musu shiri. Shugabannin gasa kuma sun ce rumfa ta manyan baƙi ce. Bara, da aka rasa inda za a kai ta, wani direba ya ce ai ga saman motarsa nan babu kowa, aka kwashe da dariya. Ta tattare zanenta, ta taka taya, ta hau. Bana ba ta jira an ce mata ba. Abin da masu dariyar ba su lura da shi ba shi ne, duk taron Matameye babu mai ganin fage kamarta.

Kayan aikinta wayar hannu ce kawai. Tana magana a ciki, can a ɗakin watsa shirye-shirye na Rediyo Tsamiya abokin aikinta Khalifa yana haɗa layin da na'ura, muryarta ta fita zuwa Dawce da Kurni da ƙauyukan bakin iyaka. Mazan da suka tafi cin rani Kano da Kaduna sukan kira gida, a kara musu waya a jikin rediyo su ji. Ba da sauƙi ta samu wannan layin ba. Tun da ta dawo daga Zinder da digirinta, sanarwar biki da ta rasuwa da cigiyar dabbobi take karantawa, maza masu rabin karatunta suna fita ɗauko labari. Sai da mai sharhin tashar ya bi 'yan cin rani ba ko sallama, sannan aka ce ta riƙe kafin a samo wani. Ba a ƙara maganar neman wani ba.

Yau ce ranar ƙarshe. Wanda ya yi nasara shi zai wakilci yankin a Zinder, inda ake tace masu neman takobi, kyautar zakaran kokowa na ƙasa. Kuma Darakta Sa'adu, shugaban tashar, ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa bana Hanifa ce za ta bi zakara can.

"Masu saurare, kada mu manta," ta ce, muryarta ta bushe kamar kullum idan ta zo kan wannan tallan, "wannan gasa tana zuwa muku ne da ɗaukar nauyin Alhaji Sallau, uban matasa."

An umarce ta ta maimaita wannan layin duk lokacin da 'yan kokowa suka rabu don shan iska. Zaɓen magajin gari ya matso, Alhaji Sallau yana takara, fuskarsa tana kan rigunan matasa da tutocin da suka kewaye fagen. Shi kansa yana rumfa, cikin farar shadda, yana murmushi irin na kan rigunan.

Mutum biyu suka rage. Cha'ibu, wanda Alhaji yake ciyarwa tun kaka, ƙato ne mai wuya kamar turmi. Bawa na Kurni kuwa gajere ne, manomi, a amalanken jakinsa ya zo gasar.

"Cha'ibu yana matsowa, yana so ya rufe shi da ƙirji. Bawa ya ƙi tsayawa, yana zagaye shi kamar mai neman ƙofar rumbu. Sun haɗa goshi. Cha'ibu ya kai hannu ƙugu, bai samu ba. Bawa ya sunkuya, ya shige ta ƙarƙashi, ya kama ƙafar hagu. Ya ɗaga. Cha'ibu yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana neman inda zai dafa. Bawa ya taɗe ta daman. Kaye! Gwiwoyin Cha'ibu biyu suna ƙasa, hannunsa ya dafa yashi. Bawa na Kurni ya kayar da Cha'ibu!"

Makaɗa suka juya kiɗa zuwa taken Bawa tun kafin ta rufe baki. Mutanen Kurni suka miƙe. Cha'ibu ya zabura ya tashi da sauri, yana kaɗe gwiwa kamar wanda sauro ya ciza. Alƙalin wasa yana tsaye da usur a baki. Hanifa ta ga inda idonsa ya tafi. Bai kalli yashin ba, inda shaidar gwiwoyi biyu take zaune raɗau. Rumfa ya kalla. Sannan ya busa, ya kaɗa hannu, ya nuna buhunan yashin da suka yi wa fagen iyaka. Wai Bawa ya taka buhu kafin ya ɗaga ƙafar. Ba kaye. Gargaɗi ga Bawa, a ci gaba.

Tsakanin ƙafar Bawa da buhun nan akwai wurin da jaki zai kwanta ya yi birgima.

Aka ci gaba, lokaci ya cika babu wanda ya sake kai wani ƙasa, aka duba gargaɗi, aka ɗaga hannun Cha'ibu.

"Alƙali ya ce ba a yi kaye ba," in ji Hanifa. "Wannan hukuncinsa ne, kuma shi ke da usur. Ni abin da idona ya gani na faɗa muku, ban kuma janye ba."

Ta ci gaba da magana har sai da ta ji rediyon mai shayin da ke gindin motar tana waƙa. Ta duba wayar. An katse ta tun ɗazu.

*

Hotunan bidiyon da suka zaga wayoyin mutane ba su nuna komai ba sai ƙeyar 'yan kallo da tutar Alhaji. Wanda bai je ba, da wanda ya je amma yana baya, abin da ya rage musu shi ne muryar rediyo. Al'adar tashar ce ta maimaita wasan ƙarshe ranar kasuwa bayan la'asar, lokacin da mutanen ƙauye suke gari. Wannan maimaicin shi ake tafiya da shi gida, shi ake gardama a kansa har wata shekarar.

Da hantsi Darakta Sa'adu ya kira ta ofis.

"Zauna, Hanifa."

"Ina jin ka a tsaye, Darakta."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugun mutum ba ne. Shi ya koya mata yadda ake numfashi a gaban makirufo.

"Jibi kasuwa. Ina so ki shiga ɗaki ki sake ɗaukar sharhin. Ba duka ba, daga inda suka haɗa goshi."

"In ce me?"

"Ki ce Cha'ibu ya yi tangal-tangal ya tsaya. Ki ce Bawa ya taka buhu. Abin da alƙali ya yanke dai."

"Alƙali ya faɗi nasa da usur. Ni na faɗi nawa."

"Ke ba alƙali ba ce."

"Shi ma jiya ba alƙali ba ne."

Sa'adu ya miƙe ya buɗe ƙaramar ƙofar da ke bayan kujerarsa. Baturan hasken rana ne jere a kan katako, sababbi, 'yan fitilunsu suna ƙyaftawa.

"Kin san Alhaji Sallau ne ya kawo su. Kin kuma tuna daminar da muka yi shiru don rashin wuta. Yarinya ta ɓace a Dawce, uwarta ta tako da ƙafa har nan don a yi cigiya, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ke kika same ta zaune a dakali. Ko kin manta?"

"Ban manta ba."

"To, ni wannan nake tsarewa. Gwiwar Cha'ibu ba ta kai wannan nauyi ba."

"In mun yi ƙarya a kan abin da dubban mutane suka gani, Darakta, ranar da muka ce yarinya ta ɓace wa zai yarda?"

"Za su yarda. Ba su da wata tashar."

Maganar ta ƙona mata rai. Tana cikin neman abin cewa aka ji tsayawar mota a waje, sai ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa.

"Ina 'yar tawa mai murya?" in ji Alhaji Sallau.

Ta rusuna ta gaishe shi, don tare da marigayi mahaifinta suka yi fataucin gyaɗa, kuma ya zo zaman makoki da kansa. Ya zauna a kujerar Darakta ba tare da an miƙa masa ba.

"Jiya har daga Legas aka kira ni. Wai rediyon garinmu ta ce na sayi alƙali."

"Ban ce haka ba, Alhaji."

"Ba ki ce ba. Amma magana in ta bar Matameye, kafin ta tsallaka iyaka ta yi ƙiba. Su Ibrahim tun jiya suke yawo da ita." Alhaji Ibrahim shi ne magajin gari mai ci, wanda Sallau yake so ya kayar. "Ni ban ce ki yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Mutum yana can saman mota, ga rana a ido, ga ihu. Ido yana kuskure. Babu kunya mutum ya gyara."

"Rana tana bayana, Alhaji."

Ya yi dariya sosai, ya dubi Sa'adu. "Ubanta sak. Ciniki da shi sai ka sha ruwa sau biyu." Sannan ya sassauta murya. "Saurara, 'yata. A Zinder ba saman mota za ki hau ba. Na sa a ajiye miki kujera cikin 'yan jarida, a inuwa, da kati a wuya mai sunanki. Mutanen manyan tashoshi za su ji ki. Muryar nan ba ta cigiyar awaki ba ce. Ki shiga ki gyara 'yan kalmomin nan, ki shirya jakarki."

Ya san inda zai taɓa. Ta daɗe tana ganin kujerar nan a ranta. Ta sha tsayawa a ɗakinta tana yi wa bango sharhin wasannin da ba ta je ba, tana kiran sunayen 'yan kokowar Tawa da na Maraɗi don bakinta ya saba. Ta juya ta shiga ɗakin ɗaukar murya, ta zauna, ta sa abin ji a kunne. Ta bayan gilashi Khalifa ya ɗaga mata babban yatsa, fuskarsa cike da sauƙi.

Ya kunna mata wasan jiya don ta bi. Ga hayaniya, ga muryarta, matsattsa, mai gudu, ba irin ta mai karanta sanarwa ba. Sun haɗa goshi. Khalifa ya rage tsohuwar muryar, jar fitila ta kama. Ta ja numfashi yadda aka koya mata. A kunnenta babu abin da ya rage sai fagen, da ihun mutanen Kurni, da gangunan da suka juya gaba ɗaya zuwa taken Bawa.

Fitilar ta yi ta ci. Hanifa ta cire abin jin ta ajiye.

"Ba zan iya ba," ta ce da ta fito. Sai ta ga maganar ta yi laushi, ta gyara. "Ba zan yi ba. Ko na yi ma, kiɗan yana nan. Makaɗa taken Bawa suka buga, yaron goye ma ya san abin da hakan ke nufi."

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Sa'adu, ba ya kallonta. "Khalifa, ka cire hayaniyar gaba ɗaya, ka nemo ta wani wasan ka shimfiɗa."

"To, ku nemo har da muryar."

"In kika fita ƙofar nan, Khalifa ne zai je Zinder," in ji Sa'adu.

Khalifa ya sunkuyar da kai. Bai san bambancin taɗiya da tuntuɓe ba, kuma kowa a ɗakin ya san haka. Matarsa tana da tsohon ciki, wannan ma kowa ya sani. Hanifa ta ajiye wayar tashar a kan tebur, ta rusuna wa Alhaji kamar yadda ta yi da farko, ta fita.

*

Ranar kasuwa tana layin mahauta tana sayen nama lokacin da aka fara maimaicin. Kowace rumfa da rediyonta. Muryar Khalifa ta fito a hankali, kamar ɗalibin da aka tsayar ya yi karatu a gaban aji.

"Cha'ibu, zakin Matameye, ya yi tangal-tangal, amma bai faɗi ba. Bawa ya taka buhu. Lallai ya taka buhu."

Ta miƙa hannu ta karɓi ƙullinta za ta tafi, sai ta ga mahaucin ya tsaya da wuƙa a sama, ya karkata kai. Ƙarƙashin muryar Khalifa, cikin hayaniyar 'yan kallo, wata siririyar murya tana tashi, muryar maroƙi da lasifika.

"Alhaji Ibrahim, inuwar Matameye. Kai ka tara mu, kai ka shayar da mu. Ibrahim, Allah ya maimaita mana."

Hayaniyar wasan ƙarshe na bara Khalifa ya ɗauko, kuma bara Alhaji Ibrahim ne ya ɗauki nauyin gasar. A manyan lasifikokin tashar, da aka rage ta ƙasa, hayaniya ce kawai kamar kowace, kuma ma'aikacin rediyo ya daɗe da daina sauraron hayaniya. Amma ƙananan rediyoyin kasuwa ba sa fitar da kauri, siririn sauti suke ƙauna. Khalifa yana cewa uban matasa, maroƙi yana amsawa da Ibrahim.

Dariya ta faro daga layin mahauta, ta bi ta masu tattasai, ta kai tashar mota. Wani dattijo ya riƙe cikinsa ya zauna a kan buhu.

"Aikinki ne," in ji mahaucin, yana nuna ta da wuƙa cikin sha'awa. "Wallahi yarinyar nan shu'uma ce. Kin fita, amma kin bar musu ƙaya a tabarma."

"Ba ni ba ce. Rabona da tashar tun shekaranjiya."

"Haka ne, Malama, haka ne." Ya kashe mata ido, ya ƙara mata tsoka a ƙulli. "Mu ma ba mu ji komai ba."

Duk inda ta bi haka aka yi mata. Wanda bai taɓa gaishe ta ba ya gaishe ta. Babu wanda ya ce ta faɗi gaskiya ranar gasa. Wayo suke yabo, wayon da ba ta yi ba, kuma ƙaryatawarta ƙara tabbatar musu take yi.

Kafin ta isa gida Darakta ya kira ta a wayarta.

"Ke kika ɗauki wasan bara. Ke kika san inda yake a na'ura, kin san abin da ke ciki."

"Khalifa yana kusa da kai? Ka tambaye shi wa ya zaɓa."

Ta ji shiru, ta ji motsin kujera, ba ta ji muryar Khalifa ba.

"Alhaji yana so ya ji an yi wani abu," in ji Sa'adu daga baya, a gajiye. "Ki aiko da makullin gobe. Sanarwar ma zan ba wani."

Su Darakta suka gyara shirin. Wannan karon suka shimfiɗa hayaniya wankakkiya, babu ganga babu maroƙi, suka goge sharhin Hanifa na asali daga na'ura, suka dinga maimaitawa kowace rana bayan la'asar, don a wanke kunnen gari.

*

Kwanaki kaɗan bayan haka Hajiya Najaha, shugabar matan jam'iyyar Alhaji Ibrahim, ta yi sallama a gidansu Hanifa. Mace ce mai jiki da murya, ta cika tsakar gida da awarwaro. Ta gaisa da Inna, mahaifiyar Hanifa, ta sha ruwa, sannan ta zaro turmin atamfa daga jaka ta ɗora a tabarma. Fuskar Alhaji Ibrahim ce a jiki, an buga ta jere-jere.

"Jaruma, zo nan in gan ki da kyau. Alhaji ya ce tun da yake siyasa ba a taɓa yi masa kyauta irin taki ba."

"Hajiya, ban yi masa komai ba."

"Ni za ki ɓoye wa? Mu muka haifi wayo." Ta dafa gwiwar Hanifa. "Ga yadda za a yi. Muna da mota mai lasifika. Ki hau, mu bi ƙauyuka, a kowane dandali ki maimaita kayen nan kamar yadda kika faɗa ranar. Mutane su ji irin adalcin Sallau tun bai hau kujera ba. In Allah ya ba mu, tashar nan sai kin zaɓi ofishin da kike so."

Hanifa ta dubi atamfar. Kayen gaskiya ne, kowace kalma da za ta faɗa a motar nan gaskiya ce, kuma makirufo ne. Ta ji yawu ya taru mata a baki.

"Hajiya, in baɗi ku kuka ɗauki nauyin gasa, ɗan kokowarku ya kai gwiwa ƙasa, in faɗa?"

Hajiya Najaha ta yi dariya har awarwaronta suka amsa. "Namu ba ya faɗuwa, 'yar nan."

"To, a mayar wa Alhaji atamfarsa. Ina godiya."

Dariyar ta tsaya. Hajiya ta dube ta daga sama har ƙasa, ta naɗe turminta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce wa Inna, "Ki nema wa 'yarki magani. Mutum ba ya zama ba na kowa ba."

Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta. Sai da ƙarar motar ta ɓace sannan ta ce, ba ta ɗago ba, "Kin kori na farko, kin kori na biyu. Yanzu kaji za ki yi wa sharhi?"

Hanifa ta shiga ɗaki. A ranar mutanen Sallau suna cewa 'yar Ibrahim ce. Kafin magariba mutanen Ibrahim suna cewa Sallau ya saye ta daga baya. Ta daina zuwa kasuwa. Ta koma koya wa 'ya'yan maƙwabta darasin lakwal, wato boko, a zaure, tana gyara musu Faransanci da irin muryar da ta saba cika fage da ita, har yaran suna razana.

*

Ranar da aka fara gasar Zinder, da safe, wani ya yi sallama a ƙofar gida ya ce yana son ganin Malama. Ta yafa mayafi ta fito. Amalanken jaki ne tsaye da lodin harawa, mai shi ya ja gefe yana riƙe da hularsa a hannu. Ba ta taɓa ganinsa da riga ba, sai da ta kalli wuyan da kafaɗun sannan ta gane shi.

"Bawa?"

"Ni ne, Malama. Na kawo harawa ne, na ce bari in tambayi gidan."

Suka gaisa. Ta tambayi mutanen Kurni, ya ce lafiya lau. Ya yi ta juya hular. A gidan maƙwabta rediyo tana kunne, ana jin Khalifa daga Zinder yana gode wa uban matasa.

"An ce kin rasa aikinki saboda ni."

"Ba saboda kai ba ne."

Ya gyaɗa kai, kamar dama ba wannan ya kawo shi ba. Ya dubi ƙasa.

"Malama, mu in muna ciki ba ma gani. Fuskata tana cikin haƙarƙarinsa, gumi ya rufe mini ido. Na dai ji nauyinsa ya tafi, na ji ganga. To, kullum bayan la'asar rediyo tana cewa na taka buhu. Da farko 'yan garinmu suna zaginta. Yanzu sun fara cewa wa ya sani. Shekaranjiya babana ya ce, kai ma da ka kula da ƙafarka." Ya ɗaga ƙafar dama kaɗan ya kalle ta. "Wallahi in na kwanta har jin buhun nake yi a tafin ƙafata."

Hanifa ta dube shi.

"Ba ka taka ba. Ka kayar da shi, Bawa. Gwiwa biyu da hannu."

"Na gode." Bai motsa ba. "Amma ba haka nake so ba. An ce ranar kin faɗe shi tun daga farko, yadda aka yi. Yayana a Kano ya ji, matan gidanmu sun ji. Ni kaɗai ne ban ji ba, ina cikin fage. Na je tashar, suka ce babu shi."

Ta dubi layin. Wata mata tana wucewa da tulla, wani tela yana buɗe shago. Hannunta na dama ya tashi da kansa zuwa bakinta, ta ga babu komai a ciki, ta rasa inda za ta ajiye shi, ta kama bakin mayafi.

Bawa ya tsuguna a gindin bango, ya ɗora hular a gwiwa, ya rufe ido.

"Cha'ibu yana matsowa," ta fara, "yana so ya rufe shi da ƙirji." Rediyon maƙwabta ta fi ta ƙara. Ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi daga ciki, ta ɗaga. "Bawa ya ƙi tsayawa. Sun haɗa goshi. Cha'ibu ya kai hannu ƙugu, bai samu ba. Bawa ya sunkuya, ya shige, ya kama ƙafar hagu, ya ɗaga, Cha'ibu yana tsalle..."

"Tsaya, Malama," in ji Bawa, bai buɗe ido ba. "Kina sauri. Koma daga inda na kama ƙafar."

Ta koma.